Ribar da Iya Ta Ji

Injin matse man gyaɗa na gidan marigayi Malam Adam ya mutu ana gab da shiga kaka, kuma ba irin mutuwar da ake gyarawa ya yi ba. Makaniken da ya daɗe yana lallaɓa shi ya zo ya buɗe cikinsa, ya leƙa, ya mayar da murfin a hankali, ya goge hannunsa da tsumma, sannan ya ce wa Fatsuma ta yi haƙuri. Ko kuɗin zuwansa bai karɓa ba. Wannan ne ma ya fi tayar mata da hankali, don ba a taɓa jin mutumin nan ya yafe wa wani ko dala ba.

Fatsuma ce ke riƙe da kamfanin tun rasuwar mahaifinsu, Malam Adam. Kamfani dai a takarda. A ido babbar rumfa ce a bayan Zango, da ma'aikata ƙalilan, da kwalabe masu ɗauke da sunan Malam Adam da ake kaiwa har Agadas da Diffa. Amma gidaje da yawa da shi suke ci, ita kuma da shi take taƙama. Gyaɗar matan Gaffati da Tirmini ta kusa fitowa. In suka ɗauko ta suka tarar da rumfa shiru, 'yan sari na nan tsaye a bakin kasuwa, za su kwashe su tsallaka da ita Najeriya, kuma ba tabbas matan su sake waiwayo ta baɗi. Sabon inji kuwa, kuɗinsa ya fi duk abin da ta taɓa riƙewa a hannunta.

Labari a Zango ba ya jiran kabu-kabu, da ƙafarsa yake zuwa. Ba ta kira kowa ba sai ga Alhaji Gambo, dillalin shanu mai garken kiwo a hanyar Tirmini, ya yi sallama da babbar rigarsa da ƙamshin turarensa. Ya yi jaje kamar an yi rasuwa, ya zauna a kujerar Malam Adam ba tare da an nuna masa ita ba.

"Hajiya Fatsuma, ni ba bashi na zo ba ki ba," in ji shi. "Ni zan sayi injin, in kawo, a kafa. Babu ranar biya, babu jingina. Mu zama asosiye kawai, rabi naki, rabi nawa. In an samu mu raba, in an faɗi mu faɗi tare. Ai haka iyayenmu suka yi fatauci."

"Rabin riba ke nan, Alhaji?"

"Rabin komai. Har da magana." Ya yi murmushi, ya karkata kai wajen buhunan da ke jingine a kusurwa. "Waccan tunkuzar fa? Har yanzu kyauta kuke mayar musu?"

Tunkuza ita ce abin da ke saura in an matse mai daga gyaɗa. Tun zamanin Malam Adam, duk matar da ta kawo gyaɗa akan biya ta kuɗinta, a kuma mayar mata da tunkuzarta ta je ta soya ƙuli-ƙuli ta sayar. Shi ya sa matan ke wuce 'yan sari su zo nan. Alhaji Gambo kuwa yana da bakunan shanu masu yawa da ke jiran abinci. Nan take Fatsuma ta gane ba man ne ya taso shi ba, ta ji ranta ya ɓaci. Ta ce za ta yi shawara. Ya ce ta yi a hankali, ba sauri yake ba, alhali kowa ya san wanda ke sauri.

Babban wanta, Kyari, ma'aikacin gwamnati ne, mai farin gilashi da jakar takardu, irin mutanen da ko gaisuwa za su yi sai sun jefa Faransanci a ciki. Da ta gaya masa sai ya yi tsaki.

"Gambo? Ke kin san abin da ake cewa hannun jari? Aure ne da babu saki. Yau rabi, gobe ya ce a ƙara jari, ba ki da shi, ya zama shi ne babba. Jibi ya sa ɗansa a kujerarki. Kredi kuwa, bashin banki, yana da ranar ƙarewa. Banki ba ruwansu da tunkuzarki, ba ruwansu da wanda kika ɗauka aiki. Ki biya su, su tafi, kamfani ya zauna namu."

"In damina ta ƙi fa, Yaya? In gyaɗa ta yi tsada?"

"Su dai a biya su."

"In ba a biya ba?"

Ya cire gilashin ya goge da bakin rigarsa. "Shi ya sa suke son garanti."

Ya riga ya je bankin, ashe. Dosiye, wato takardun neman bashin, ya yi kyau, sun yaba da cinikin shekarun baya, sun yarda. Abu ɗaya ya rage: rumfar haya ce, ba ta jinginuwa. Abin da ke da takarda a danginsu kaf shi ne gidan Birni, gidan da mahaifiyarsu Ya Zara ta gada wajen ubanta, inda aka haife ta, inda take zaune har yau. Sai ta je gaban notar, mai shaida takardun yarjejeniya, ta dangwala yatsa.

Fatsuma na ƙin Gambo har cikin ranta, wannan ba ta ɓoye wa kanta ba. Tana kuma son kujerar nan, wannan ne ba ta cika son dubawa ba. Ta ce, "Sai ka yi mata bayani, kai ne babba."

Bayan la'asar suka je. Ya Zara na zaune a tsakar gida a kan tabarma, tana gyaran turaren wuta a faranti, ƙafafunta miƙe saboda ciwon gwiwa. Ba ta taɓa shiga banki ba a rayuwarta, amma kada wani ya ɗauka ba ta san ciniki ba. Ubanta bafatake ne, mijinta ma da jarin wani attajirin Zango ya fara, kuma ta san yadda aka yi da shi tun daga farko har ƙarshe.

Kyari ya durƙusa ya gaishe ta, ya jero bayani tiryan-tiryan. Inji ya mutu. Banki za su ba da kuɗin sabo. Suna son ganin takardar gida a ajiye a wajensu, don su san da mutanen kirki suke hulɗa. Da ya zo wurin da ya kamata ya ce kuɗin ruwa, sai Fatsuma ta ga ya kauce wa kalmar. Ya san tsohuwar nan, ya san in ta ji kalmar nan za ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki.

"Su kuma za su ci ribarsu," in ji shi.

Ba ƙarya ya yi ba, in ana bin baki. Haka mutane ke faɗa a gari, ribar banki. Sai dai a kunnen Ya Zara riba ɗaya ce: abin da ke saura bayan an sayar an fitar da uwar kuɗi, wanda ake zama a raba.

"Nawa ne rabonsu?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Goma sha ɗaya cikin ɗari, Iya."

Sai ta ajiye farantin. "Goma sha ɗaya? Su kawo jari duka, su ɗauki goma sha ɗaya?" Ta dubi Fatsuma, fuskarta ta washe. "Kin ji mutanen arziki. Ubanku rabi cur ake karɓa a hannunsa, ga shi shi ke shan rana. Amma shi ma mai jarin, Allah ya jiƙansa, shekarar da kaya suka lalace a hanya bai ce uffan ba, ya ce asara tamu ce mu biyu. To waɗannan ai sun fi shi sauƙi. Allah ya yi musu albarka, ya ba ku rabo mai yawa ku da su."

Fatsuma ta buɗe baki, Kyari ya dube ta ta saman gilashi, ta rufe. Tsohuwa ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito da takardar naɗe cikin tsohon ɗankwali, ta miƙa wa Fatsuma, don ɗan fari ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, ko sunansa ba ta faɗa.

A zaure Fatsuma ta tare shi.

"Yaya, ba ta gane ba."

"Na faɗi abin da ba haka ba?"

"Ta ɗauka abokan ciniki ne. Ta ɗauka in mun faɗi da su za mu faɗi."

"To za mu faɗi ne? Ke da kanki kin san injin nan zai biya kansa. Kafin ta farga an gama, an dawo mata da takardarta, ta mayar cikin ɗankwalinta. Me za ki ƙara mata in ban da hawan jini?" Ya rage murya. "In kina so ki koma ki ce mata ruwa ne, bisimilla, ga ƙofa. Gobe sai ki je ki durƙusa wa Gambo, ki kuma je Gaffati da bakinki ki gaya wa matan nan tunkuzarsu ta zama ta shanu."

Ba ta koma ba. Ta sa takardar cikin jakarta ta tafi gida, jakar na mata nauyi kamar ta ɗauko dutsen niƙa.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mata daɗi ba. A'isha, shugabar matan Gaffati, ta bugo waya tana cewa sun fara tuge gyaɗa, bana sai godiya, a shirya musu buhuna. Fatsuma ta ce an shirya. Alhaji Gambo ya aiko mata da ƙaton ƙullin nama ba dalili, ta rarraba wa ma'aikata don ba za ta iya ci ba. Kullum in ta biya Birni sai Ya Zara ta tambaye ta, "Ya mutanenku na banki? Ki riƙa gaishe su." Ita kuma ta ce za su ji. Tana jin kunyar kanta, amma kunyar ba ta kai ta buɗe baki ba. Ta lissafa abin ta kowace fuska, kullum lissafin na cewa za su biya. Ta kuma san shekarun da ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, ta ga gonakin Tirmini sun ƙone tsaye, kuma a waɗannan shekarun ma lissafi cewa ya yi za a samu.

Ranar da aka sa, da hantsi, suka ɗauko tsohuwa a motar abokin Kyari. Ta yi wanka ta sha lafaya sabuwa, ta ɗaura turare, har da goro ta ƙulla a leda za ta ba abokan cinikin 'ya'yanta. Biron notar, wato ofishinsa, a saman bene yake. Fatsuma ta riƙe hannunta suna hawa, tsohuwa na hutawa tana cewa masu kuɗi dai ba sa son ƙasa.

Notar ɗin mutum ne siriri mai sanyin murya. Ga wakilin banki zaune a gefe, matashi da taye a wuya, yana ta duba wayarsa. Ya Zara ta miƙa masa goron, ya karɓa da hannu biyu yana kallon Kyari, bai san dalili ba. Aka zauna. Notar ya fara karatu da Faransanci, shafi bayan shafi, fanka na juyawa a sama tana kaɗa gefen takardun. Fatsuma ta yi lakwal, makarantar boko, daidai gwargwado, tana jin abin da ake karantawa. Ta ji inda aka ce in an kasa biya, banki na da ikon sa gidan a kasuwa. An karanta shi da murya ɗaya da sauran, kamar ana faɗin ranar wata.

Notar ya ɗago. "An yi wa Hajiya bayanin duk wannan da Hausa?"

"An yi, Metir," in ji Kyari da sauri.

"Hajiya, kin yarda?"

"Na yarda mana, ɗana. Mutanen da suka yarda da mu, mu ƙi yarda da su?"

Sakatariyar notar ta matso da ɗan akwatin tawada, ta kama babban yatsan Ya Zara ta danna a ciki. Yatsan ya fito shuɗi. Ta jawo takardar, ta nuna wurin da za a dangwala. Fatsuma na kallon yatsan nan, mai lalle a farce, yana sauka.

"Iya, tsaya."

Ba ta san da ƙarfi ta faɗa ba sai da ta ga wakilin banki ya ajiye waya. Kyari ya ce, "Fatsuma," a hankali, haƙoransa a haɗe. Ba ta dube shi ba. Ta sauko daga kujera ta durƙusa a gaban uwarta, a kan tayil ɗin biro, gaban baƙi.

"Iya, ba abokan ciniki ba ne. Bashi ne. Goma sha ɗayan nan ba daga abin da muka samu ba ne, a kan kuɗinsu ne, ko mun samu ko ba mu samu ba. Kuɗin ruwa ne, Iya. In mun faɗi, mu kaɗai za mu faɗi. Su gidanki za su sayar."

Ya Zara ta riƙe yatsanta a sama, ta juya wajen matashin.

"Yaro, haka ne?"

Ya gyara zama. "Hajiya, ba ma fatan a kai ga haka."

"Ban tambaye ka fata ba. In gyaɗa ta ƙi, asara tamu ce mu biyu, ko tasu ce su kaɗai?"

"Tasu ce, Hajiya."

"To, madalla. Kai dai ka faɗi gaskiya." Ta janye hannunta ta ɗora a cinya, a buɗe, don kada tawadar ta taɓa lafayar. Notar ya rufe dosiyen, ya zare takardar gidan ya tura mata ta kan tebur.

Kyari ya fara magana, Hausa na haɗuwa da Faransanci a bakinsa: cewa injin zai biya kansa, cewa kowane kamfani haka yake yi, cewa ba wanda zai taɓa gidan. Ya Zara ba ta ko juya ba. Idonta na kan Fatsuma da ke durƙushe.

"Shi wancan, na san halinsa, tun yana yaro in ya fasa abu sai ya ce faɗuwa ya yi. Ke fa? Yau kika sani?"

"A'a, Iya."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da muka zo."

Tsohuwa ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Gida ƙasa ce da itace. Da kun zo kun zauna kun ce, Iya, mun shiga tsanani, gidanki za mu jinginar, in abin ya ƙi sai ki kwashe kayanki ki koma ɗakin haya, wallahi da na ɗauko takardar nan da hannuna na ba ku. Maganar ruwan kuma in ji da ita tsakanina da Ubangijina. Me zan yi da gida in 'ya'yana suna cikin kunya? Amma ku zauna a gabana ku biyu, ku bar ni ina ta murna kamar wata sakarya, har in ƙullo goro." Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Yanzu kam ba zan ba ku ba. Ba don banki ba."

Fatsuma ta fashe da kuka, irin wanda rabonta da shi tun rasuwar ubanta. Kyari ya tsaya jikin taga ya juya musu baya.

Ya Zara ta naɗe takardar cikin ɗankwalin da hannu ɗaya, ta cusa a ƙugunta. "Akwai wata hanyar, ko babu?"

"Akwai, Iya. Alhaji Gambo. Rabi yake so, da magana, da tunkuzar matan ƙauye."

"Shi in an faɗi?"

"Da shi za a faɗi."

"To kira shi. Yanzu, ina ji. Ki kuma faɗa masa abin da ke ranki da sunansa, kada ki zagaya. Matan ƙauyen ma ki je ki faɗa musu da sunansa."

Fatsuma ta share fuska da gefen mayafi ta ciro waya. Bugu ɗaya ya ɗauka, kamar wayar na tafin hannunsa. Ta ce ta yarda da rabi. Ta ce tunkuza kuwa ba ta yarda ba. Ya yi dariya mai taushi, ya ce ai yanzu su biyu ne masu magana, za a zauna a duba, ta zo da yamma da wanta. Ta san abin da za a duba, ta kuma san ba ita za ta yi rinjaye ba. Ta ce to.

Suka fito bakin bene. Matakalar ta fi tsayi a sauka, ga gwiwar tsohuwa. Fatsuma ta miƙa hannu za ta kama ta. Ya Zara ta kauce kaɗan, ta dafa bango da hannun nan mai tawada.

"Bari," in ji ta. "Zan iya."

Fatsuma ta tsaya a sama, hannunta a miƙe, tana kallon uwarta na sauka ita kaɗai, tana hutawa a kowace matakala, ba ta waiwayo ba.